Zare Ɗaya, Bar Ɗaya

Ranar hutu ce, Sufeto ya riga ya zare takalmi ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur, sai wayar ofis ta yi ƙara. Saje ne ya ɗauka. Ya saurara, ya ajiye, ya jawo hularsa.

"Yallaɓai, filin wasa ne. Rufin sabuwar rumfar 'yan kallo ya rufto. Akwai mutum a ƙasa."

"Da rai?"

"Babu."

Duk garin ba wanda bai san zancen gyaran filin nan ba. Shekara da shekaru ana alkawari, ciyawa ta cinye fili, awaki sun mayar da bakin raga wurin hutawa, sai bana aka wayi gari da motocin yashi. An shimfiɗa kwalta har ƙofar filin, an kafa fitilu, masu shaguna suka yi wa ƙofofinsu fenti ba tare da kowa ya sa su ba. Jibi kuma manyan baƙi za su zo duba aiki. Shi kansa Sufeto a filin nan ya tsare raga yana saurayi, kuma in ka biye masa sai ya rantse maka ba a taɓa zura masa ƙwallo ba. Yau dai aiki ne ya kai shi can.

Sun tarar da ɗan kwangila a bakin ƙofa, waya a kowane hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tun ba a tambaye shi ba ya fara bayani. Shi kuwa Sufeto ba ya son mutumin da ke amsa tambayar da ba a yi masa ba.

"Yallaɓai, abin a fili yake. Kankaren nan sabon zubi ne, sandunan katako ne ke tokare da shi ta ƙasa har ya yi ƙwari. Wannan bawan Allah ya lallaɓo ranar da babu kowa, yana zare su zai sayar, abu ya faɗo masa. Allah ya ji ƙansa, amma ɓarawo ne."

"Ka san shi?"

"Lebura ne a nan. Mai Tiyo suke ce masa. Shi ke ba kankare ruwa."

"Au, kankare ma shan ruwa yake?" in ji Saje.

"Kowace safiya. In ba haka ba ya tsattsage."

Ɓangare guda na rufin ne ya faɗo, sauran na tsaye. Maƙwabta sun riga sun ciro gawar sun rufe ta da tamfol. Sufeto ya durƙusa ya ɗaga. Magidanci ne, ya naɗe wando zuwa gwiwa, takalmin roba a ƙafarsa, tafin hannunsa ya yi fari da siminti. Babu guduma kusa da shi, babu zarto.

Ƙasa duk ta yi caɓi. Sufeto ya bi ƙarar ruwa har gindin wani ginshiƙi, ya tarar da famfo a buɗe yana ambaliya a tsakanin ɓaraguzai. Tiyon da ya ɓalle daga bakinsa ya bi tsani ya hau can saman rufin.

"Saje, in za ka shiga gida sata, famfo kake fara buɗewa?"

"Ni dai ban taɓa gwadawa ba, Yallaɓai."

"Ɓad da sawu ne kawai," in ji ɗan kwangila.

"To sandunan da ya zare suna ina?"

"Ya jefa su ta katanga, abokan satarsa sun kwashe."

"Ka gani da idonka?"

"Ai ba sai an gani ba."

"Ziyarar jibi fa?"

"Tana nan daram. Ɓarawo ɗaya ba zai tsayar da aikin gari ba."

Sufeto ya sa aka kewaye wurin da igiya, aka ɗauki gawa zuwa asibiti.

Da yamma suka nemi gidan mamacin. Yana wani lungu a bayan sabon titin, inda kwalta ta ƙare kwata ta ci gaba. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, keken ɗinki a jikin bango, rigar aikinsa ta canji na rataye a ƙusa. Matarsa na zaune a tabarma, wata yarinya ta kifa kai a cinyarta. Kusa da su wani dattijo ne mai manyan hannaye, da fensir a bayan kunne.

"Ni ne yayanta," in ji dattijon. "Ni ne kuma babban kafinta a wurin aikin. Ni na samo masa aikin ma."

Sufeto ya yi musu gaisuwa. Matar ba ta jira tambaya ba ita ma, amma nata daban yake da na ɗan kwangila.

"Ranka ya daɗe, mutuwa ba na ja da ita. Amma yarinyar nan ta fita ɗebo ruwa ɗazu, yara suka bi ta suna ce mata 'yar ɓarawo. Mutumin da ko ragowar siminti bai taɓa kawowa ya liƙe mana bango ba, ga tsaga nan kana gani. Sunan nan ne ba zan iya ɗauka ba. Don Allah kada ku bar shi da shi."

"Me ya kai shi aiki ranar hutu?"

"Cewa yake kankare bai san hutu ba. Ko jiya da yamma Yaya ya biyo muna cin abinci, ya ce masa gobe ka kwanta ka huta. Ya yi dariya ya ce in ya huta wa zai shayar masa da jaririnsa."

"Ki yi haƙuri ki bar wa Allah," in ji babban kafinta, kansa a ƙasa. "Tone-tone ba zai dawo da shi ba."

Sufeto ya juya gare shi. "Baba, kai yaushe ka bar wurin aiki jiya?"

"Tun tsakar rana. Bayana ke damuna."

"Da ka tafi sandunan na nan?"

"Suna nan cif."

Sufeto bai yi wa matar alkawari ba. Ya daɗe a aikin nan, ya san alkawarin ɗan sanda a gidan makoki sauƙin ɗauka gare shi, wuyar saukewa. Amma da suka shiga mota ya ji abin ya tsaya masa a ƙirji. Tausayi ne, da haushi kuma. Mutum ya mutu da wando a naɗe a bakin aikinsa, kafin jikinsa ya yi sanyi an laƙaba masa sata, don shi ne wanda ba zai buɗe baki ya musa ba.

Washegari da safe injiniyar aikin ta same su a filin. Matashiya ce, hular ƙarfe a kai, idanunta sun nuna ba ta yi barcin kirki ba.

"Na kafa doka kada kowa ya taɓa sandunan nan sai na ce," in ji ta. "Shekaranjiya ma na zagaya kafin a tashi, komai lafiya."

"Kin zagaya da ƙafarki?"

Ta gyara hula.

"Gaskiya ban zagaya ba. An kira ni sakatariya a kan shirin ziyara, can na wuni."

"To yanzu zagaya da ni."

Suka tsaya daga gefen ɓangaren da bai faɗo ba suna leƙe. Ta nuna masa da yatsa. Sanda na tsaye, kusa da ita gurbi, sai wata sandar, sai wani gurbin. Haka layi bayan layi har ƙarshe, kowane gurbi da shatin gindin sanda a ƙasa.

"Ɓarawo abin da ya fi kusa da hannunsa yake kwasa," in ji Sufeto.

"Wannan zare ɗaya bar ɗaya aka yi. Wanda ya yi ya san aiki. Ya ɗauka rabin zai riƙe."

"Da zai riƙe?"

"Wataƙila, da ba a tara ruwa a sama ba. Shingen yashi muke yi a gefen rufin, a cika tsakiya da ruwa ya kwanta. Ruwa kuwa nauyi gare shi. Ina jin ruwan ya cika ne, mamacin ya sauko zai rufe famfo."

Saje ne ya kira su daga bayan wani ginshiƙi. Guntayen katakon da ake cusawa a gindin sanda don ta tsaya daidai, ga su an jera su tsaf, manya a ƙasa, ƙanana a sama. A kansu akwai gwangwanin madara cike da ƙusoshi. Sufeto ya zuba kaɗan a tafin hannu. Duk tsofaffi ne da aka ciro daga katako aka miƙe su, da ɗigon sabon siminti a kawunansu.

"Kai, wannan ɓarawo ya sami tarbiyya," in ji Saje. "Ya yi sata ya share wuri."

Sufeto ya mayar da ƙusoshin, ya riƙe gwangwanin.

Maigadi na zaune a bencinsa a bakin ƙofa, ya dogara da sanda. Da aka tambaye shi ya ce shi kam ya ji kamar ana jefa abu ta katanga.

"Ta ina?"

Ya nuna. Suka je tare. Katangar doguwa ce, fentinta sabo, da waya mai ƙaya a samanta. Ko ƙwarzane babu a jiki, ciyawar gindinta ma ba ta kwanta ba.

"Baba, wa ya ce ka ce ka ji?"

Maigadi ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Yallaɓai, ni talaka ne. Abin da zan rantse a kai shi ne ko tsinke bai fita ta ƙofata ba."

"In bai fita ta ƙofa ba, bai bi ta katanga ba, yana ciki ke nan."

Maigadi ya kai idonsa can nesa, Sufeto ya bi da kallo. Can ƙarshen filin, bayan ɗaya ragar, wata rumfa ce ta tamfol mai launi, an jera kujeru a ƙarƙashinta, an naɗe ƙafafunta da farin yadi har ƙasa.

"Yaushe aka kafa waccan?"

"Shekaranjiya da yamma na gan ta tsaye. Ta manyan baƙi ce."

Suka ratsa sabuwar ciyawa. Saje ya kama bakin yadin ƙafa ɗaya ya warware. Katakon ciki duk tsiyayar siminti ne da hudar ƙusa. Ya warware na biyu, haka. Kafin ya taɓa na uku ɗan kwangila ya iso da sassarfa yana haki.

"Haba Yallaɓai, ado ne fa kuke ɓatawa! Katakon nan sayo shi na yi."

"Da siminti a jikinsa ake sayar da shi yanzu?"

Wayar ɗan kwangila ta yi ƙara, ya kashe ta.

"Ni ban ce kowa ya taɓa rufi ba. An ce min lallai baƙi su sami inuwa, katakon da na aika a kawo kuma bai iso ba. Na ce da kafinta ya yi dabara. Iyakar abin da na ce ke nan. Ka yi dabara."

"Wane kafinta?"

"Kafintoci ai suna da yawa."

"Amma ka san inda sandunan suke lokacin da kake ce min ɓarawo ya jefa su ta katanga."

"Yallaɓai, ka duba halin da nake ciki. In aka ce laifin aiki ne, an soke ziyara, an tsayar da komai."

"Saje, kai shi mota ya huta. Wayoyin ma ka riƙe masa."

Kalmar nan ta dabara Sufeto ya sha jin ta a bakin manya. Mai faɗinta hannunsa fes yake fita, domin bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Na ƙasa ne zai je ya cika ma'anar da hannunsa, in ta yi kyau a yaba wa oga, in ta ɓaci a nemi wanda ya riƙe guduma. Yanzu mai gudumar yake nema, kuma abin da ya dame shi shi ne ya fara jin ya san ko wane ne.

Rumfar kafintoci na bayan ɗakin canza kaya na 'yan wasa. Wasu samari na zaune a kan tarin katako, aiki ya tsaya. Sufeto ya ɗaga gwangwanin.

"Wa ya yar da wannan?"

Suka kwashe da dariya.

"Na Baba ne! Shi ne ba ya barin ƙusa ta kwana a ƙasa. Mu in ta lanƙwashe sai mu wurgar, shi kuwa sai ya bi ta ya miƙe ta kamar 'yarsa."

Dariyar ta mutu da suka ga fuskar Sufeto. Ya ce su ba shi wuri.

Babban kafinta na ciki, zaune a bakin bencin aiki, hannayensa a kan gwiwa. Ba abin da yake yi. Sufeto ya ajiye gwangwanin a gabansa, ya jawo wani kututture ya zauna.

"Baba, ya baya?"

"Da sauƙi."

"Ka ce min tun tsakar rana ka tafi. Ƙusoshin nan daga sandunan rufi aka ciro su. Rumfar baƙi kuma da yamma ta tashi. Duk wannan zan iya cewa wani ne ya ari gwangwaninka. Abu ɗaya ne ya hana ni barci. Kai ka san aikin kankare, ka san ba a fashin ba shi ruwa. Me ya sa ka taka har gida ka ce wa mijin ƙanwarka ya huta?"

Dattijon ya ɗauki ƙusa ɗaya daga gwangwanin yana juya ta a yatsunsa.

"Tun ina yaron shago nake zare ɗaya in bar ɗaya," ya ce. "Bai taɓa faɗowa ba. Ko sau ɗaya. Na jira kowa ya tafi na yi abina ni kaɗai, na ce baƙi na watsewa in mayar. Sai da na gama na tuna da ruwa."

"Sai ka je gidansu."

"Na je da niyyar faɗa masa. Na same su suna cin abinci, yarinyar na ba shi labarin makaranta. Na san halinsa. In na ce na zare sanduna, ba zai kwana ba sai ya kira injiniya. Ni da na kawo shi aikin, ni zai kai ƙara a gaban yaran da na koya wa riƙe zarto. Kunya ta kama ni. Sai na ce ya huta kawai. Da ya yi dariya ni ma na yi dariya, na ce a raina ai zai riƙe."

"Da aka ce ɓarawo ne fa?"

"Ban ce ba."

"Ba ka musa ba."

"Ban musa ba. Na zauna kusa da ita ina ba ta haƙuri. Wallahi Yallaɓai, da ni rufin ya danne da ya fi min sauƙi."

Sufeto ya ji tausayinsa, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Tsoho ne da ba ya iya barin ƙusa a ƙasa, kuma wannan tsabtar aikin ce ta tona shi. Amma akwai gawa a asibiti, akwai yarinyar da ba ta iya fita ɗebo ruwa. Ya miƙe ya kira Saje.

Da aka sa masa ankwa, babban kafinta ya ce, "Alfarma ɗaya. Ku bi da ni ta gidan. Kada ta ji a bakin wani."

Saje ya dubi Sufeto. Ba hanyar ofis ba ce, ba kuma tsarin aiki ba ne.

"Bi ta lungun," in ji Sufeto.

Ƙofar gidan cike take da maƙwabta da abokan aikin mamacin. Da motar ta tsaya hira ta yanke. Aka bar ɗan kwangila a ciki ya rufe fuska da hula. Dattijon ya sauko, hannayensa a haɗe a gaba, ya tsaya a tsakiyar lungu inda kowa zai ji.

"Jama'a, ku shaida. Mijin ƙanwata ba ɓarawo ba ne. Aikinsa ya je yi. Ni na zare sandunan, na sani, kuma ban faɗa masa ba."

Labulen ƙofa ya ɗaga, matar ta fito, yarinyar na riƙe da gefen zanenta. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar yayanta.

"Yaya, jiya da kake ce min in bar wa Allah, ka sani?"

"Na sani."

"Da ka zo muna cin abinci, ka sani?"

"Na sani, Auta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya wajen Sufeto.

"Na roƙe ka, ka kuma yi. Na gode."

Sufeto ya sha karɓar godiya a aikin nan, amma bai taɓa jin wadda ta yi masa nauyi irin wannan ba.

Matar ta sunkuya ta share wa yarinyar fuska da tafin hannu.

"Kin ji da kunnenki. Babanki ba ɓarawo ba ne. Duk wanda ya sake faɗa, ki ce ya zo ya tambayi kawunki."

Ta ja ta suka shiga, ta saki labule. Sai a lokacin kukanta ya fito, mai ƙarfi, har ƙarshen lungu. Dattijon ya yi taku ɗaya zuwa ƙofar, Saje ya riƙe masa gwiwar hannu a hankali ya juya shi wajen mota. Bai yi gardama ba. Sufeto ya buɗe masa ƙofa da kansa, ya dafa masa kai kada ya bugu, ya rufe.